Farar Kyanwar Inna

Tudun Wada, Zariya.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga maigidana, Abban Jannat,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan ka isa Gembu lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin dutse, yaya kuma ƙafar? Mu nan duk lafiya lau. Inna tana sa maka albarka, Jannat kuma ta ce in tuna maka takalmin da ka yi mata alkawari.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san waya ba ta da sirri a gidan nan. Ko raɗa na yi a ɗaka, anjima Inna za ta tambaye ni me ya sa na ce kaza. Kai kuma can sai ka hau tudu kafin ka samu sabis. Shi ya sa na koma irin ta da, lokacin ina karatu a jami'a nan Kongo, Zariya, kana aiko min da takarda a cikin littafi. Direbanku Malam Kailani zai kawo maka.

Maganar kyanwoyin Inna ce. Ranar da ka yi tuntuɓe da babbarsu Laraba kana riƙe da kofin shayi ka zube a tsakar gida, wallahi na tausaya maka. Amma ka yafe min, sai da na shige kicin na toshe baki da mayafi na yi dariya har da hawaye. Injiniya guda, mai gina gada, farar kyanwa ta kai shi ƙasa. Da ka tashi kana ɗingishi ka ce kafin ka dawo kada ka tarar da ko ɗaya a gidan, don wata rana Inna ce za ta faɗi, kuma ita ƙashinta ba irin naka ba ne.

Ban ce ba ka da gaskiya ba. Ni ma sun ishe ni. Ina tuƙa tuwo Tanko yana zagaya ƙafata, in juya in ɗauko mara in taka wutsiyar Ɗanwake, ya ƙwala ihu kamar an yanka shi. Jiya a cikin kwandon wanki na same su suna barci a kan farar rigarka. Ga halin da nake ciki, nauyi yana ƙaruwa, ni kaina ina tsoron faɗuwa. Uwarsu Laraba kuwa ba ta kula kowa sai Inna. Inna ta miƙe, ta miƙe. Za ta famfo alwala, Laraba na gaba. Za ta leƙa gidan Hajiya Nana maƙwabciyarmu, Laraba na gaba, dab da yatsun ƙafarta, har gabana yakan faɗi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yadda Inna ta karɓi maganar. A gabanka ba ta ce komai ba, kai kuma ka ɗauka ta yarda. Ka manta kai ɗan fari ne. Matar da ko sunanka ba ta faɗa, sai dai ta ce yaron nan, yaushe za ta tsaya jayayya da kai? Bayan ka tafi ta tambaye ni, “Yaron nan ya ce a kwashe su?” Na ce e. Ta ce, “To.” Ta ɗora Laraba a cinya tana shafa ta har la'asar. Wannan “to” ɗin bai yi min daɗi ba.

Da za ka yarda, a ba da ƙananan biyu a bar mata uwar. Amma ƙaninka Ashraf ya ce ka riga ka kira shi, zai zo daga Hanwa da buhu ranar Asabar. In ka samu sabis kafin nan, don Allah ka sake tunani.

Ka riƙa shafa man zafin da na sa maka a jaka. Ka gaida abokan aiki.

Taka har kullum,
Rauda.

Tudun Wada, Zariya.
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Abban Jannat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Jannat lafiya, ni ma da sauƙi. Inna ce dai, kuma saboda ita nake rubuta wannan.

Ashraf ya zo kamar yadda ka ce. Ya sa su a buhu duka ukun, ya ɗaure a bayan babur, ya kai su can gaba da Shika ya sake su kusa da wata kasuwa, wai don kada su gane hanya. Inna tana ɗaki tana jin kukansu har aka fita da su. Ba ta leƙo ba.

Tun daga ranar ta daina fitowa. Ta ce in riƙa kawo mata buta da roba ta yi alwala a ɗaki. Hajiya Nana ta aiko ko lafiya, ta ce ƙafa ce. Na ɗauka fushi ne, har na ce a raina tsohuwa da rigima, a kan kyanwa. Allah ya yafe min.

Shekaranjiya da azahar na fito daga kicin na gan ta a baranda, tana lalubar bango da tafin hannu, tana tura ƙafa gaba a hankali tana neman bakin matakala. Ina tsaye gabanta da kwano a hannu, Abban Jannat, idonta a buɗe yana kaina, amma ba ta san ina wurin ba. Da na yi magana ta firgita. Na kama ta na mayar da ita ɗaki, na durƙusa na ce ta faɗa min gaskiya don girman Allah.

Ta daɗe ba ta gani. Tun kafin azumin bara abin ya fara rufewa, yanzu duniya duhu-duhu ce gare ta, sai abu fari ƙal in yana motsi kusa take iya tsinkaya. Ka tuna lokacin da ta daina buɗe Alƙur'ani ta ce ai ta haddace inda take karantawa? Ka tuna da ta bar saƙar hula ta ce yatsu ne? Mu duka muka yarda. Laraba take bi. Inna ta sabar mata, tana buɗe mata famfo ta sha ruwa, tana ba ta kan busasshen kifi a ƙofar Hajiya Nana, shi ya sa kyanwar take yin gaba. In farin nan ya yi ƙasa, Inna ta san matakala ce, sai ta sauke ƙafa. In ya karkata, ta san turmi ne ko bokiti a hanya. Abin da muke kallo muna cewa za ta kayar da ita, shi ne yake riƙe da ita a tsaye.

Na ce Inna me ya hana ki faɗa? Ta ce, “'Yar nan, da wane baki zan ce wa yaron nan na makance? Zai bar aikinsa ya taho, ko ya kwashe ni ya kai wani gari a riƙa ja na da hannu. A gidan nan marigayi Malam, mahaifinsa, ya bar ni, ina so in kai kaina famfo da ƙafata har ranar da za a fitar da ni.” Sannan ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya maka ba. Ga shi na karya, kuma ban yi nadama ba.

Na kira Ashraf ina kuka. Ya koma wurin har sau biyu, ya tambayi masu nama da masu shayi, babu wanda ya ce ya gan su. Jiya muka lallashe ta muka kai ta asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya saura. Ya ba da maganin ɗigawa.

Ba ta yarda in riƙe mata hannu, ko Jannat ta miƙa nata sai ta janye. Sai dabara ta zo min. Na ciro farin zanen nan nawa na ɗaura har idon sawu, na shiga gabanta ina tafiya sannu-sannu, in na zo matakala in ɗan tsaya. Ta biyo ni har famfo. Da ta gama alwala ta yi dariya, karon farko tun ranar buhun, ta ce wannan Larabar ta fi waccan ƙiba. Na yi dariya ni ma, na juya baya na share ido.

Ka zo, don Allah. Kada ka nuna mata ka sani, kada kuma ka yi maganar ɗauke ta daga nan. Ka zo kawai ka zauna kusa da ita.

Matarka mai kewarka,
Rauda.

Tudun Wada, Zariya.
Ranar Talata.

Zuwa ga Abban Jannat,

Assalamu alaikum warahmatullah. Yaya ƙarin haƙurinmu? Ina fatan ka koma lafiya, kuma kana cin abinci, don Malam Kailani ya ce min ka rame. Jannat tana gaishe ka. Masu ta'aziyya sun ragu, sai Hajiya Nana da take shigowa kullum ta zauna a baranda. Allah ya jiƙan Inna, ya sa Aljanna ce makomarta.

Duk kwanakin makokin nan ba mu yi maganar ba, ni da kai. Kana zaure da maza, ina ciki da mata, in mun haɗu kowa ya sunkuyar da kai. Na san abin da ke cin ka, don na ji ka kana gaya wa Ashraf cewa kai ka kashe ta da bakinka. Ni ma ina da nawa. Ka ce za ka zo ƙarshen wata, saura kaɗan. Ni kuma ranar da ta faɗi na tafi awon ciki, na ajiye mata buta da roba, na ce kada ta fito sai na dawo. Layi ya yi tsawo, aka kira azahar ina can. Ka san Inna, ta ɗanɗana zuwa famfo da ƙafarta, ba za ta koma roba ba. Hajiya Nana ce ta ji faɗuwar ta katanga. Sau nawa nake cewa da na fasa awon, da na roƙi Hajiya Nana ta zauna da ita. Kwana ya ƙare ne, na sani, amma zuciya ba ta jin wannan karatun.

Akwai abin da ban gaya maka ba. A asibiti, bayan an ce ƙashin ƙugu ya karye, kafin jikin ya rikice, kana hanya, ta riƙe hannuna da kanta. Ta ce, “Ki ce wa yaron nan tsoron faɗuwata ne ya sa, na sani. Ban riƙe shi da komai ba.” Na so in faɗa maka tun ranar, na kasa buɗe baki. Ka riƙe wannan, naka ne.

Yanzu ga dalilin takardar. Laraba ta dawo.

Ranar Juma'a da hantsi ina shanya sai na ga abu ya diro daga katanga. Ban gane ta ba da farko. Ta zama ƙashi da fata, farin ya koma ruwan ƙasa, kunne ɗaya a yage, tana ɗaga ƙafar baya. Ita kaɗai, babu Tanko babu Ɗanwake. Yadda ta yi ta ƙetare titunan nan daga Shika har Tudun Wada, Allah kaɗai ya sani. Jannat ta yi tsalle tana ihu. Ni kuwa zama na yi a ƙasa da jiƙaƙƙen zane a hannu.

Na zuba mata madara, ko kallo ba ta yi ba. Kai tsaye ta wuce ƙofar Inna, ta tarar da ita a rufe, ta zauna tana kuka. Na buɗe mata. Ta shiga ta shinshina gado, ta shinshina darduma, ta leƙa ƙarƙashin kujera, ta fito ta kwanta a bakin ƙofa.

Da aka kira azahar ta miƙe. Ta yi kuka sau ɗaya a ƙofar, irin wanda take yi in Inna ta yi jinkiri, sannan ta kama hanya a hankali da ɗingishinta. Ta zo bakin matakala ta tsaya, ta waiwayo. Ta jira. Ta koma ƙofar, ta sake tahowa, ta sake tsayawa a wurin nan dai, ta waiwayo. Abban Jannat, na yi kuka ranar rasuwa, amma ban yi irin na ranar Juma'ar nan ba. Daga ƙarshe na tashi na bi bayanta, ta kai ni famfo, na buɗe mata ta sha. Tun ranar haka muke yi kowace salla. Ita ba ta san ina gani ba, ni kuma ban ga amfanin nuna mata ba.

Na wanke ta, Ashraf ya kawo mai duba dabbobi ya ɗaure mata ƙafar. Ashraf ma da ya gan ta, fita ya yi waje ya daɗe bai shigo ba.

Tun da muka yi aure ban taɓa yanke magana a gidanka ba tare da na tambaye ka ba. Wannan karon na yanke, ka yi haƙuri. Laraba tana nan, a ƙofar Inna take kwana, kuma a nan za ta zauna. Har yanzu tana shiga tsakanin ƙafafun mutum ba sallama. In ka dawo, ka riƙa duba ƙasa kafin ka taka.

Allah ya ba mu haƙuri, ya dawo min da kai lafiya.

Taka,
Rauda.