Cokali Biyu na Sukari

Mama,

Na leƙa na ga kin koma barci, ban so in tashe ki ba. Na wuce makaranta.

Jiya na ɗaga miki murya, ki yafe mini. Ga abin da ban gaya miki ba. Shayin da kika haɗa mini, kurɓa uku na yi a aji sai gumi ya karyo mini, gabana yana dukan uku-uku, allo yana juyawa. Yara ne suka ruga suka kira shugabar makaranta. Da na tambaye ki kika ce, "Cokali biyu ne fa na sukari. Ke dubi wuyanki kamar mariƙin lema!"

Na san tausayi ne ya sa ki. Amma tun da aka yi mini aikin rage tumbi, cikina bai fi ƙaramin kofi ba, kuma zaƙi kayar da ni yake yi. Shugaba ta ce in na sake yin haka a gaban yara, za a ba wani ajina.

Roƙona ɗaya ne. Kada ki ƙara komai a abin da zan ci ko zan sha sai na sani.

Da la'asar zan ga likita. Ki shirya mu je tare, ki tambaye shi da bakinki. In ya ce in ƙara ci, a gabanki zan ci. In ya ce a'a, don Allah Mama, ki bar ni in rame lafiya.

'Yarki