Allon da Ba Ya Kaɗa Ƙararrawa

Takur, Dutse
10 ga Maris, 2003

Zuwa ga Chollom,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maman Nanret da ita Nanret ɗin. Yaya sanyin Jos? Mu nan zafi ya sauka. Inna tana gaishe ka, har yanzu in ta yi dambu sai ta tambaya ko ka dawo. To, na gama gaisuwar da aka koya mini a gida. Yanzu ka saurara.

Ka bar garin nan ba sallama. Makullin shagonmu a hannun mai wankin hula na karɓa, shi ya faɗa mini an loda kayanku a mota. Adireshin nan ma sai da na je har cocinku na roƙi Malam Nehemiah. Na yi rantsuwa ba ni zan fara rubutowa ba, kuma ba zumunci ne ya sa na karya ta ba. Aiki ne.

Layin aika saƙo na ƙaramin asibitin Gidan Gaji ya mutu. Babban faifan kwamfutar can ya ƙone, na sa sabo, na ɗora manhajar Linux da kenel ɗin da muka saba, wato zuciyar manhajar. Da safe katin rediyo yana ganin eriyarmu ta kan dutse, saƙo yana wucewa lafiya lau. Rana na take, sai ya yi shiru kamar an shaƙe shi.

Bari in tuna maka, tunda ka manta da komai na Dutse. Katin rediyon ba ya shiga kwamfuta kai tsaye, sai an cusa shi a allon adafta. Kowannensu da direbansa, wato ɗan shirin da ke jin yarensa, a cikin kenel. Mun raba aiki, ni na ɗauki direban kati, kai na allo. Allunan da muka kwaso a Kano suna da wani mugun hali, kai ka gano shi, ka yi masa gyara. Da na tambaye ka mene ne, dariya ka yi ka ce, "Rauf, bar shi, ai yana aiki." Gyaran nan wuri biyu kawai yake, cikin faifan da ya ƙone da cikin kanka.

Ka san wace ce ungozoma a asibitin nan. Mu'minatu ce, matata, wadda ka yi wa tuƙin motar amarya. Ka san wayar salula ba ta kai can ba. Da layin nan kaɗai take kiran motar asibiti daga Dutse in haihuwa ta zo da gardama.

Ka aiko mini da abin da ka canza. Ba sai ka gaishe ni ba.

Abdulrauf

*

Takur, Dutse
29 ga Maris, 2003

Chollom,

Ina fatan kuna lafiya. Ina gaida Maman Nanret.

Faifanka ya iso jiya a hannun direban motar Jos, a naɗe cikin leda. Na zazzage ledar ko akwai takarda. Babu. Na gode, amma ya makara.

Ranar Laraba da azahar aka kawo wata mata, Iyatu, a amalanke. Haihuwarta ta fari ce, ɗan ya zo a gicciye. Mu'minatu ta rubuta saƙo ta tura, ya ƙi tafiya. Ta kashe kwamfutar ta kunna, ta jiƙa tsumma ta ɗora mata kamar mai zazzaɓi, a banza. Ƙarshe a kan babur aka ɗora Iyatu, Mu'minatu ta zauna a baya ta rungume ta, suka bi hanyar yashin nan har bakin titi. Uwar ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba, namiji ne. Matata ta dawo gida zaninta duk jini, ta zauna a bakin rijiya ta kasa ɗiban ruwa.

Ta ce kada in ɗora wa kowa laifi, ko da motar ta zo ba ta da tabbas, rai na Allah ne. Haka ne. Amma ni ban kai ta haƙuri ba. Ranar ina shago da kwamfuta a gabana, ina ta karanta layukan direbanka kamar mai neman allura a rairayi, kai kuma kana can ka san amsar.

Yau na buɗe faifan na ga amsar, kuma raina ya ƙara ɓaci. Ashe in allon ya ɗau zafi daina kaɗa ƙararrawa yake yi. Saƙo ya iso, amma ba ya sanar da kowa, direbana kuma yana zaune yana jiran ƙararrawar da ba za ta zo ba. Shi ke nan cutar! Maganarta ba ta kai shan shayi ɗaya ba. Sai ka sa direbanka ya ajiye wata alama a ɓoye, sannan ka shiga cikin direbana, nawa, ka cusa layukan da ke leƙa alamar su ce masa ya daina jira, ya riƙa zuwa yana dubawa da kansa. A kwamfutar asibiti kaɗai ka yi shi. Ba ka sa bayani ba, ba ka kwafe a shago ba, ba ka faɗa mini ba. Shi ya sa na yi ta haƙa a gonarka, alhali rabin abin a tawa ka binne shi.

Wannan ba gwaninta ba ce, Chollom, son kai ne. Muna cin tuwo a kwano ɗaya kana riƙe da abin da rayuwar mutane ta rataya a kai.

Gobe zan hau babur in kai gyaran. Ba ni da sauran abin da zan nema a wurinka.

Abdulrauf

*

Takur, Dutse
13 ga Afrilu, 2003

Abokina Chollom,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya jikin Maman Nanret? Da gangan na tambayi jikinta, don yanzu na sani.

Layi ya tashi. Ban mayar da gyaranka yadda yake ba. Na sake rubuta shi a fili: direban allo, in ya gane irin allon nan ne, sai ya miƙa wa direban kati bayanin halinsa tun lokacin da suke haɗuwa, da suna, da bayani a rubuce da Hausa da Turanci. Duk wanda ya zo bayanmu zai gani. Ya wuce zafin azahar bai yi shiru ba.

Malam Nehemiah ya zo shago shekaranjiya gyaran firinta. Ina ta faɗa a kanka, ya bar ni na gama, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam Abdulrauf, wai da gaske ba ka sani ba, ko kunya ce?" Na ce me zan sani?

Na san samari sun fasa shagon abincin Maman Nanret bara, bisa ƙaryar wai tana sayar da giya a bayan kanta. Lokacin ina Kano, da na dawo na zo na yi muku jaje, ka amsa mini sama-sama. Abin da ban sani ba shi ne an ture ta a kan tukunyar miya, hannunta ya ƙone. Kuma ban san wanda ya nuna musu ƙofar ba. Falalu ne, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ta sha zuba wa shinkafa ta ce ya bar kuɗinsa.

Na same shi a gidan Inna. Bai musa ba. Ya ce shi nunawa kawai ya yi, bai taɓa kowa ba. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba, Inna ce ta riƙe ni. Da ta ji dalili sai ta sake ni, ta juya ta ce masa, "Matar da ta yi jinyata a asibiti? Tashi ka ba ni wuri." Har yau ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Kada ka ɗauka fushina da kai ya wuce. Ƙaruwa ya yi. Malam Nehemiah ya ce ka ɗauka na sani na yi shiru don ɗan'uwana ne. Ni? Shekara nawa muna hawa dutsen nan tare da eriya a ka, kana riƙe mini tsani? Ka zauna kusa da ni a shago wata da watanni da wannan a cikinka, ba ka taɓa juyowa ka ce, Rauf, ka san abin da ƙanenka ya yi? Da ka tambaya, ko zagina ka yi, da a ranar na ja shi har gabanta. Ka yanke mini hukunci kai kaɗai, ka kwashe iyalinka ka tafi. Abin da aka yi muku zalunci ne, ba addinina ba ne, kuma ba zan ce ku dawo garin da aka yi muku haka ba. Amma abin da ka yi mini ma ba daidai ba ne, kuma a gabanka nake so in faɗa.

Ranar Asabar za mu shigo motar safe, ni da Falalu. Mutane suna ta ce mini Jos ba wurin zuwan irina ba ne tun rikicin nan. Na ji. Falalu ya ce tsoro yake ji, na ce ita ma ta ji tsoro ranar. Zai durƙusa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya ga hannun da idonsa. Ta yafe ko kada ta yafe, wannan nata ne, ba wanda zai matsa mata.

Ka faɗa mata ba sai ta dafa komai ba. In ba ku buɗe ba, a ƙofa za mu tsaya har motar yamma.

Naka, duk da haka,
Abdulrauf