Gonar Teku da Bakin Lutfi

Karkana, farkon kaka

Zuwa ga Yaya Naziha,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki, ya maigida Si Mukhtar da yara? Mu nan lafiya, sai godiya. Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ga takarda, sai ki nemo tabarau.

Maganar asusunmu na masunta ce. Kin san yadda muke yi: kowa ya zuba abin da ya samu, mai buƙatar inji ko raga ya ranta, ya ba da sharfiyarsa jingina, wato gonar tekun da ya gada, inda muke kafa rassan dabino kifi ya bi layi ya faɗa kwando. To, an shigar da ƙudirin doka a majalisa wai kada wani asusu ya ƙara ba da rance sai a kan fili mai takarda ko albashi. Wa ke da albashi a tsibirin nan? Arzikinmu duk a cikin ruwa yake. Tun da labarin ya iso asusu ya tsayar da rance, har da na Anis ɗana, da ya nema don ya sayi jirginsa na kamun kifi. Ya faɗa wa uwarsa in sanyi ya shigo bai samu ba, zai haye Italiya kamar abokansa. Kin san yadda teku ke dawo mana da yaran nan, in ma ta dawo da su.

Ni na riƙa bin ɗan majalisarmu har gidan biki. Ni na je birnin Safakis na haɗa kai da asusun manoman zaitun da na mata masaƙa, har kwamiti ya yarda zai saurare mu. Ranar da za a zaɓi mai magana na sa uwargida Jalila ta goge mini kwat. Yaya, Lutfi suka zaɓa. Lutfi ɗan gidan Baba Salah, Lutfin da lokacin da na fara asusun nan yake kiransa adashin tsofaffin mata! Na tashi zan yi magana, Hamadi mai shayi ya ce, “Haba Shadli, kai in ka ɗauko bayani ai sai ruwa ya janye ya dawo ba ka gama bismilla ba. Minti kaɗan fa za su ba mu.” Aka yi dariya, ni ma na yaƙe haƙora.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya ci mini rai, ko kuskus ɗin Jalila ban iya gamawa ba.

Ki gaida kowa. Ƙanenki,
Shadli

Karkana, makon kafi

Yaya Naziha,

Ina gaisuwa. Na ga amsarki, na kuma ga inda kika ce hassada ga mai rabo taki ce. Na gode da wa'azi. Saurari sauran tukuna.

Ranar zaman kwamiti ta faɗo a makon da ake kafa sababbin rassa. Kin tuna al'adarmu, wanda gari ya aika, maƙwabcinsa na ruwa ke kafa masa gona. Wane ne maƙwabcin Lutfi a ruwa? Ni. Ga ni tsamo-tsamo har ƙirji, ƙayar dabino na yagar mini hannu, ina kafa wa mutum abincinsa, shi kuwa yana babban birni Tunis yana shan gahawa a ƙaramin kofi. Shaiɗan ya raɗa mini in bar masa ɓaraka a layi, kifi ya sulale. Ban bari ba. Aikina ne, kuma ba na so a ce layin Shadli ya karkace.

Da hantsi muka fito muka taru a shagon shayin Hamadi, don ana nuna zaman a talabijin. Sai ga Lutfi ya shigo ɗakin kwamiti riƙe da reshen dabino, kamar mai zuwa shara. Ya ɗora shi a kan teburinsu ya ce, “Ranku ya daɗe, ga takardar filinmu. Kakanninmu da ita suka yi gado, da ita suka aurar da 'ya'ya, ba a taɓa jin wani ya shiga gonar wani ba. In kun ce wannan ba dukiya ba ce, to kun ce mu ba mu da komai.” Shago ya ɗauki tafi. Ni kuwa na san maganar, don a bakina ya ji ta, sai dai ni ban taɓa iya faɗarta a taƙaice haka ba.

Sannan ya sassauta murya ya ce, “Ina da ɗa, sunansa Anis. Jirgi biyu ne a gabansa, wanda zai saya ya kama kifi a gida, da wanda zai hau ya bar mu. Ku za ku zaɓa masa.”

Ɗa! Lutfi da 'ya'yansa duk mata, ga shi ya ari nawa a gaban ƙasa ko sallama babu. Na juya in ga ko Anis zai ce wani abu, na tarar idonsa ya cika da hawaye, yana cewa, “Kai, Baba Lutfi, Allah ya biya ka.” Yaron da rabon da ya saurare ni har ƙarshen magana tun yana firamare.

Abin da ya fi ba ni kunya, Yaya, duk tsawon jawabin ina fata harshensa ya harɗe, alhali zaman ɗana a gida a kan harshen nan ya rataya. Na yi istigfari, na sake kallonsa, fatan ya sake dawowa. Ki sa ni a addu'a, don abin nan ya fi ƙarfin shayi.

Naki,
Shadli

Karkana, tsakiyar sanyi

Yaya Naziha,

Sallama da gaisuwa, da fatan sanyin nan bai tayar miki da ƙafar ba. Ki yi haƙuri da shiruna.

An gyara sashen dokar da ya dame mu. Ba jawabin kaɗai ya yi aikin ba, masaƙa da manoma sun yi ta sintiri ofis-ofis har aka kaɗa ƙuri'a, amma je ki faɗa wa mutanen Karkana haka. A wurinsu Lutfi ne ya riƙe majalisa da hannu ɗaya. Asusu ya buɗe rance, Anis ya ba da gonarmu jingina, jirgi ya iso, shuɗi da fari.

Ranar saka shi a ruwa na yanka rago, na tsaya a gaba, don uba ke fara taka jirgin ɗansa. Anis ya zo ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, na riga na roƙi Baba Lutfi ya fara hawa. Kai ka riƙe mana igiya.” Na riƙe igiya. Da Lutfi ya yi girman kai da na samu abin kamawa, amma sai ya miƙo mini hannu ya ce, “Kai tsohon rigima, taho mu hau tare, ɗan namu ne.” Namu! Na ce masa gwiwata ke ciwo.

Washegari na ɗauki man zaitun na je gidansa na yi godiya, kuma har zuciyata na yi ta. Na fito ina jin haushinsa kamar yadda na shiga.

Yanzu kullum Anis kan fita da safe ya dawo da azahar. Yakan fara tsayawa a ƙofar Lutfi ya sauke kifi, su yi hira, kana ya ƙaraso gida da sauran. Ina zaune ina hangensu. Jalila ta ce in daina leƙe, wai girma ya kama ni.

Na yi ta juya abin a raina. Da dokar nan ta wuce yadda take, da Anis nawa ne ni kaɗai, ko a Italiya ko a ƙasan teku. Yanzu yana nan da ransa, amma mun raba shi biyu da Lutfi. Na karɓi rabin, Yaya, na kuma gode wa Allah. Sai dai kada ki ce mini ba ya ciwo.

Ki gaida Si Mukhtar. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Shadli