Na Ɗaga Kai a Whistler

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa daga garin Whistler na Kanada. Ya jikin Mama? Ya gwiwarka da sanyin garinmu Oberhof?

Ni lafiya ƙalau. Idan kun ji keken zamiyata na tsere ya kife a kan ƙanƙara wajen atisaye ranar Talata, ƙujewa ce kawai a kafaɗa. Sa riga ne dai sai a hankali.

Tun ina ƙarama kake ce min, "In kin kwanta rigingine a keke, kada ki ɗaga kai, jiki ya san hanya." Jiya, a kwanar da na faɗi, na ɗaga kai na duba. Kocinmu Ekkehard ya ce, "Gesine, me kika yar a can da kike nema?" Kowa ya yi dariya, har ni.

Gurbi ɗaya ya rage wa tawagarmu a gasar Asabar: ko ni, ko Malin, yarinyar da ba ta taɓa faɗuwa ba.

Idan ni aka zaɓa, ka roƙi Mama kada ta rufe ido a gaban talabijin yadda ta saba. Ta duba min hanyar, don ni ba zan ƙara dubawa ba.

Allah ya bar mu tare.

'Yarka,
Gesine