Notin da Babanki Ya Kwance

Bronwyn 'yata,

Yaya yara da sanyin Dunedin? Mu lafiya lau, kada ki damu.

Motarmu da muke kwana a ciki ta yi faci a dajin Ostireliya. 'Yan inshora suka ce su iyakarsu kwalta. Babanki ya kama sifana, ya yi, ya yi, noti ko gezau, hannunsa sai rawa yake. Da ya tafi shan ruwa, na taka sifanar da ƙafa na sassauta notin. Ya dawo ya murɗa, ya ce, "Kin gani, tsohuwa? Da saurana!"

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ya ba ki labari, ki yaba masa. Ki kuma nemo mana likitan da zai duba hannun nan nasa kafin mu dawo.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki,
Noeline