Babu Hoton Yaya Bala

Yaya Sani, assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Rafin Guza lafiya lau.

Ran Asabar aka buɗe barikin soja ga jama'a, na kai Inna don an ce an jera hotunan sojojin da suka rasu a bakin aiki. Sau uku tana bin layin da yatsa, babu ɗanta, Yaya Bala. Da na tambaya, wani hafsa ya ce wai wuri ne ya yi kaɗan. Wuri! Alhali hotunan manya sun cinye bango guda!

Inna ta ciro hotonsa daga jakarta, ta jingina a ƙarshen layi.

Ka gaishe da kowa. A sa Yaya Bala a addu'a, tunda su sun manta.

Ƙanwarka, Hauwa