Cukun Bahago

Litinin, 5 ga Agusta

Yatsun Mama sun kumbura, ruwan zafi ya gagare ta. Yau ni na ja cukun quesillo, wanda ake ja a ruwan zafi ya yi zare, na naɗe curi goma sha biyu. Madarar ɗaya ce, gishirin ɗaya ne, hannu kawai ya canza.

Laraba, 7 ga Agusta

Ranar kasuwar Etla. Doña Otilia, wadda ta shekara ashirin tana sayen cukun Mama tana zubawa a wainar masara da furen kabewa, ta zaro bakin zaren, ta tsaya. "Nemesio, wa ya naɗe wannan baibai?" Na ce ni ne. Wai naɗin bahago ba ya narkewa daidai. Na ce, "Doña, wuta ta san hagu da dama ne?" Ta mayar mini da shida cif.

Asabar, 10 ga Agusta

Ba zan canza hannu ba. Malamin aji uku ma ya gwada da rula, shi ya gaji.

Talata, 13 ga Agusta

Na bi ta rumfar Otilia da gangan. Ta koma sayen na kamfani, mai leda. A kan kasko sai tsatsar mai yake, ba ya yin zare. Wani direba ya buɗe wainarsa ya leƙa ciki, ya ce, "Uwa, yau kyandir kika narka mana?" Ta gan ni. Na gaishe ta da kyau na wuce. Zan jira, ni ba na gaggawa.

Juma'a, 16 ga Agusta

Na dawo daga ɗaukar madara na tarar da Mama ta tsoma hannu a ruwan zafi, tana son naɗa wa Otilia ko curi ɗaya. Ya suɓuce ya faɗi ƙasa. "Tun ba a haife ka ba take jirana ranar Laraba," in ji ta. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

Laraba, 21 ga Agusta

Curi shida na naɗe da hannun dama. Sun ci mini safiya guda, kuma munana ne. Ba don Otilia na yi ba, a sani. Da na kai mata, ta zaro zare ta ɗora a kasko, ya narke kamar kullum. "Ka gani? Hannun uwarka daban ne. Ka ce mata na gode."

Na faɗa wa Mama. Ta dubi hannuna na dama, ta miƙo mini man da take shafawa.

Sauran shidan da hagu na yi su.